Labiba da Buhu na Sha Takwas

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce na ajiye babur a gindin wani bene a unguwar Houéyiho, nan Cotonou, na hau sama, na leƙa ta taga. Sai ga ƙanwata Labiba tsaye gaban mutum goma sha biyu, har da wani dattijo mai furfura, tana koya musu yadda ake ba kwamfuta umarni. Mu nan ordi muke ce mata. Wallahi sai da na sauko na zauna kan babur ina ta dariya ni kaɗai. Wata mata ta zo za ta ce in kai ta kasuwar Dantokpa, ta dube ni da kyau, ta fasa.

Sunana Tahirou. Zem nake yi, wato haya da babur, da rigata rawaya mai lamba a baya. Lekol kuwa, wato makaranta, da ƙyar na kai ƙarshen firamare, jarabawar ma sau biyu na zauna. Don haka kada wani ya ce ban tsara magana ba. Labarin ƙanwata nake so in ba ku, yadda na gan shi.

Shekara goma sha ɗaya ke tsakanina da ita. An haife ta ranar zaɓe, Baba yana tsaye a layi a makarantar Zongo aka je aka gaya masa. Bai bar layin ba sai da ya jefa ƙuri'arsa, ya zo gida da tawada a yatsa ya ɗauke ta. Inna takan ce shi ya sa yarinyar ta tashi da son layi da ƙirga.

Ban taɓa ganin matsoraciya irin Labiba ba. Tsawa, akuya, gadar da ke kan ruwa kusa da kasuwa, baƙo mai babbar murya, duk tsoronsu take. Kuma in tsoro ya kama ta ba ta kuka, ƙirga take yi. Za ka ga leɓenta yana motsi. In na goya ta a babur tana ƙirga turakun wuta. In an yi faɗa a gida tana ƙirga ramukan kwanon rufi. Inna ta ce, "Wannan ko aljani ya biyo ta, sai ta tsaya ta ƙirga yatsunsa."

Da ta gama sakandare sai ta shiga wata 'yar cibiyar koyon ordi a Houéyiho wurin wani malami, Mushe Seydou, wato Malam Seydou a bakin masu Faransanci. Ni ke kai ta kullum da safe. A hanya take gaya mini abin da suka koya, baki kusa da kunnena saboda ƙarar motoci.

"Yaya, yau mun yi bukul."

"Mene ne kuma bukul? Ana ci?"

"Ka ba ordi jerin abubuwa, ka ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa kowanne abin da ka ce. Ba ta tsayawa sai ta kai ƙarshe."

"Ashe carbi ne."

"Carbi ne, amma irin wanda ake iya cire masa 'ya'ya ko a ƙara masa, ana cikin ja."

Na ce ai wannan carbin bai yi ba, mutum ba zai san inda ya tsaya ba. Ta yi dariya. Da na san abin da ke tafe da ban bar maganar ta wuce a wasa ba.

Muna da kawu, Kawu Gwadabe, wan Inna. Yana da mangaza, wato shagon ajiya, a Dantokpa ta ɓangaren bakin ruwa, yana sayar da wake da masara da gero buhu-buhu. Duk wanda ya san Cotonou ya san danshinmu. Wake bai yin wata biyu sai ƙwari sun shiga. To idan Kawu ya ga buhu ya fara ƙwari, sai ya ƙulle ƙwayar magani a tsumma, ya cusa can tsakiyar buhun, ya ɗinke. Buhun nan ba a taɓa shi sai ya yi kwanakinsa a lungu, a buɗe, a cire ƙullin, a shanya waken a rana. Kafin nan guba ne. Kuma tun kafin a haife ni alamarsa ɗaya ce: jan ƙyalle a bakin buhu. Masu dako sun sani, masu saye sun sani. Ko yaro ya ga jan ƙyalle sai ya kauce.

Labiba ta fara zuwa taya shi, sai ta rubuta wa kowane buhu lamba. Mushe Seydou ya ara mata wata tsohuwar ordi, ta tsara wani ɗan shiri a ciki. Duk buhun da aka sa wa magani da yamma sai a gaya mata lambarsa. Da safe shirin ya bi jerin buhuna ɗaya bayan ɗaya, ya cire masu magani, ya fitar da takarda biyu: waɗanda za a kai lungu, da waɗanda za a sayar. Wata biyu abin yana tafiya daidai.

A nan nawa laifin ya shigo. Ni ne na cika baki. Ba wanda ban gaya wa ba a layin zem cewa ƙanwata ta sa ordi tana gadin wake. Wata rana ƙyallen Kawu ya ƙare, yana neman tsohon zane da zai yaga, na ce, "Kawu, kai ma dai! Wahalar me kake yi? Ga na'ura."

Ya ce, "Ita ba ta mantuwa?"

Na ce, "Ka taɓa ganin ta yi hamma?"

Masu dako suka fashe da dariya. Labiba ta ce a hankali, "Kawu, a bar ƙyallen ma dai." Na ji ta. Wallahi na ji ta. Amma muryata ta fi tata, Kawu kuma ya gaji da ɗaure-ɗaure. Daga ranar aka daina.

Wata Laraba cikin damina, wajen goma da rabi na safe, na sauke fasinja a kasuwa na biya mangaza in sha ruwa. Na tarar da Labiba tsaye gaban lungun da ake ware buhuna, leɓenta yana motsi. Na fasa shan ruwan, don na san wannan motsin.

"Yaya, uku ne."

"Me ne uku?"

"Jiya huɗu aka sa wa magani. Na bakwai, na sha bakwai, na sha takwas, na ashirin da biyar. Ga uku nan. Ina na sha takwas?"

Kawu yana zaune kan benci yana shan koko. Ya ajiye kofin. Labiba ta ɗauko takardar sayarwa ta safe. Ga sha takwas nan a ciki, cikin waɗanda za a sayar, kamar ba abin da ya same shi.

Kawu ya ce, "Inna lillahi. Fourera."

Iya Fourera tsohuwar mai saye ce a wurinsa. A Godomey take, tana suyar ƙosai a bakin ƙofar wata makarantar firamare. Ƙarfe bakwai na safe ta zo ta ɗauki buhu ɗaya ta sa a taksi. Sha biyu daidai ake tashin yara, su yi ca a kan tirenta.

Kawu ya kira wayarta. A kashe. Ya sake kira. A kashe. Shi ya taɓa ba mu labarin wani gida da suka ci irin wannan waken shekarun baya, mutum biyar aka kai asibiti, uku suka dawo. Ya dube ni ya ce, "Tahirou, tashi."

Ina tada babur sai na ji mutum ya hau baya. Labiba ce, ta rungume ordin a ƙirji cikin leda. Na ce ta sauka, gudu zan yi. Yarinyar da in na ɗan murɗa wuta sai ta tsunkule ni, ranar cewa ta yi, "Yi gudun."

Muna wuce Zongo ruwa ya tsuge. Ban tsaya neman mafaka ba. Kafin mu kai Houéyiho titi ya zama kogi, motoci sun cushe, kowa yana hon. Na kutsa nan, na kutsa can, har na zo inda ba hanya sam, wata babbar mota ta mutu a tsakiya. Na duba agogon waya, sha ɗaya da minti goma. Ina jin haƙoran Labiba suna haɗuwa a bayana. Ni kuwa ba abin da nake gani sai yara da kakin makaranta, kowanne da ƙosai a takarda. Ɗana ma ajinsa biyu a firamare. Na yi ta ƙoƙarin kawar da fuskarsa daga cikinsu, ta ƙi fita.

Sai Labiba ta ce, "Yaya, a layinku na zem, in na biyu ya samu fasinja ya tafi, me ke faruwa?"

"Yanzu lokacin wannan ne?"

"Gaya mini!"

"Na uku ya matso ya zama na biyu mana."

"Mai kiran layi kuma ya riga ya kira biyu, sai ya wuce uku."

"Ai kuwa ya tsallake mutum."

"Abin da ya faru ke nan. Da aka cire sha bakwai, sha takwas ya matso gurbinsa. Ordi ta riga ta duba gurbin, sai ta wuce. Ko kallonsa ba ta yi ba. Wata biyu ba a taɓa sa wa buhu biyu na jere magani ba sai jiya."

Na ga wata 'yar hanya tsakanin shaguna, na hau dakali da babur, wani mai kanti yana zagina da Fonanci, na ba shi haƙuri ban waiga ba. Ruwa ya kai mana gwiwa a wani wuri. Ina ta roƙon Allah kada injin ya sha ruwa. Labiba tana ƙirga wani abu a bayana, ban san mene ne ba, na dai ji ta kai ɗari uku da wani abu sa'ad da muka hango gadar Godomey.

Sha biyu saura kwata muka isa. Ruwan ya tsagaita. Ga Iya Fourera ƙarƙashin rumfar kwano, mace mai jiki, ɗankwali a karkace, ga ƙullu cike da roba, ga mai yana tafasa, kaskon farko yana ciki. Buhun yana jingine a bayanta, baki buɗe, lamba sha takwas da rubutun ƙanwata. Wasu mata biyu masu sayar da lemo da biredi suna zaune kusa.

A nan na sake yin wauta. Na ga mutane, na tuna sunan Kawu a kasuwa, na tuna yadda za a yi ta yawo da sunan Labiba a Zongo. Sai na ce, "Iya, ina kwana. Kawu ne ya aiko ni. An yi kuskuren buhu, wannan na wani ne. Ki dakata za a kawo miki naki."

Ta dube ni sama da ƙasa, jiƙe sharkaf. "Na wani? To ai ya zama ƙullu. Je ka ce wa Gwadabe ya zo ya mayar da shi wake."

Matan suka yi dariya.

"Iya, don Allah ki dakata."

"Kai ɗan nan, yara za su fito yanzu. Matsa mini, rigarka tana ɗiga a itacena."

Ta sa matsami ta kwashe kaskon farko. Ta ɗauki guda ɗaya, ta hura, ta nufi baki da shi don ta ji gishiri. Ni ina tsaye kamar an dasa ni.

Labiba ce ta riƙe mata wuyan hannu. Labiba, wadda ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai, ta damƙe hannun babbar mace da hannu biyu.

"Iya, kada ki ci. Akwai maganin ƙwari a buhun. Jiya aka sa. Ni na yi kuskuren, ba Kawu ba."

Iya Fourera ta juya ta dubi bakin buhun. "Ƙarya ne. Ina jan ƙyalle? Shekara goma sha biyar ina saye wurin Gwadabe. Ba ƙyalle, ba magani."

"Mun daina ɗaurawa, Iya."

"Kun daina? Wa ya gaya mini kun daina?"

Labiba ta zare ledar da ta rufe ordi, ta sa hannunta a ciki, ta je ta nutsa shi cikin buhun har kafaɗa. Ta lalaba, ta lalaba. Ni har na fara tunanin ko ba ya nan, ko mun yi wa matar nan ɓarna a banza. Sai ta zaro ƙullin tsumma, toka-toka, yana wari kamar ruɓaɓɓen kifi da tafarnuwa. Mai lemo ta ja kujerarta baya tana salati.

A daidai nan aka buga ƙararrawa.

Ban taɓa jin ƙarar da ta tsorata ni kamar wannan ba. Yara suka ɓarko daga ƙofa da gudu, kai tsaye rumfar Iya Fourera, hannuwa a miƙe. Na tsaya a gaba na ware hannuwana, ina ihu da Faransancin da nake da shi da wanda ba ni da shi, "Babu! Yau babu!" Iya Fourera ta kifa faranti a kan tiren ta zauna a kai, zafinsa da komai. Wata 'yar mitsitsiya ta bi ta ƙarƙashin hannuna ta tsinci wani guntun ƙosai da ya faɗi ƙasa. Labiba ta kama ta, ta buɗe mata yatsu ɗaya bayan ɗaya ta karɓe. Yarinyar ta tsala kuka. Wallahi ban taɓa jin daɗin kukan yaro ba sai ranar.

Da suka watse na ce alhamdu lillahi, an gama. Labiba ta ce ba a gama ba.

"Iya, a wane inji aka niƙa? Wa ya yi niƙa bayanki?"

Ni wannan ko a mafarki bai zo mini ba. Muka je wurin mai injin, ya tsayar da aiki. Mata uku ne suka niƙa bayanta. Labiba ta rubuta sunayensu a tafin hannunta, muka bi su gida-gida, ɗaya bayan ɗaya, ba ta goge suna sai ta ga ƙullun da idonta. Ta ukun har ta ɗora tukunya. Muka haƙa rami a bayan makaranta muka binne duka, muka danne da dutse saboda kaji. Ita kuma Iya Fourera ta tuna ta ɗan lasa ƙullun tun da farko, na kai ta asibiti a babur, suka riƙe ta zuwa la'asar suka sallame ta lafiya.

Da na dawo da ita, ta sauka, ta gyara zane, ta dube mu mu biyu. Ta ce, "Ikon Allah. Wanda ya yi mini ƙarya ga shi ƙato, wadda ta faɗi gaskiya ga ta kamar tsinke." Sa'an nan ta ce wa Labiba, "Ke kuma ki gaya wa kawunki, ni ban iya karatun na'ura ba. Ƙyalle na iya."

Kwana uku Labiba tana kwance da zazzaɓi. Ta tura ordin ƙarƙashin gado ta ce ta bar abin har abada. Rana ta huɗu da hantsi Mushe Seydou ya zo gidanmu, ya zauna kan tabarma a tsakar gida, ya ce ta nuna masa. Bai yi faɗa ba. Ya karanta ya ce, "Ai na gaya muku ba a cire abu daga jerin da ake cikin bi."

Ta ce, "Na tuna, Mushe. Shi ya sa na yi kwafi, ina bin kwafin, ina cirewa daga na asali."

Ya nuna mata layi ɗaya da yatsa. Ta daɗe tana kallo. Sai ta dafe kai. "Ashe ban yi kwafi ba. Suna na biyu kawai na sa wa jerin."

Na ce a yi mini bayani, ni ma na sha ruwan sama a kan maganar nan. Ta ce, "Kamar gidan nan ne, Yaya. Ƙofar gaba, ƙofar baya. In ka shiga ta baya ka ɗauke tukunya, wanda ya shigo ta gaba ma ba zai same ta ba. Ni na ɗauka na gina gida na biyu, ashe ƙofa na huda."

A nan kan tabarmar ta gyara. Yanzu shirin ba ya taɓa tsohon jeri. Sabon jeri yake buɗewa, babu komai ciki, ya bi buhuna ɗaya bayan ɗaya, mai lafiya kaɗai yake sawa. Kuma ta koya masa halinta: kafin ya fitar da takarda sai ya ƙirga. In huɗu aka sa wa magani, ya ga uku a lungu, ba ya fitar da komai sai jan rubutu. Kawu kuwa tun washegarin abin ya sayi jan yadi guda, ya zauna yana yagawa da kansa. Ni ya sa na ɗaura na farko, gaban masu dakon da suka yi dariya ran nan.

Shekara biyu ke nan. Watan jiya Mushe Seydou ya ba ta ajin masu farawa.

Abin da na gani ta taga ran Asabar shi ne, ba ta bari sun kunna ordi ba tukuna. Ta jera su goma sha biyun a layi, ta ɗaura wa mutum biyu na jere jan ƙyalle a hannu. Tana tafiya tana ƙirga gurbi, ta zo kan na farko ta fitar da shi, ta ce sauran su matso. Suka matso. Ta wuce gurbi na gaba. Sai ga dattijon nan mai furfura an bar shi cikin layi da ƙyallensa, yana ɗaga hannu yana cewa, "Madam, ni fa? Ba ki dube ni ba!" Ajin ya kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Na ga leɓenta yana motsi, tana sake ƙirga su.

Sai ta hango ni. Ta ce, "Yaya, ka shigo ko ka tafi, ka tare mana haske."

Na sauko. Gobe ma ni zan kai ta.